Ranar da Baba Ya Nemi In Koya Masa Dishewar Murya

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Zan gabatar muku da babban mutum: shugaban sashen hulɗa da masu zuba jari na kamfanin kwalabe, dodon 'yan jarida, mai kwat uku duk ruwan toka, mijin Umma, uban mutum biyar, huɗu masu digiri sai kuma ni. A ofis Malam Bari-a-Duba suke ce masa. A gida Baba muke cewa, in ya ba da baya mu ma mu ce Bari-a-Duba.

Tun ina firamare in aka tambaye ni me babanka yake yi, sai in ce amsa waya. Ashe ban yi nisa da gaskiya ba. Duk wanda ya sa kuɗinsa a kamfanin, daga manyan bankuna har tsohuwar malamar makaranta mai ɗan hannun jarinta, in hankalinsa ya tashi Baba yake kira. Dokokin aikin biyu ne, kuma ya ɗauko su ya kawo mana gida. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka faɗa. Abin da za ka gaya wa mutum ɗaya, ka gaya wa kowa a lokaci guda. Na taɓa ce masa ana ruwa, ga shi kuwa yana dukan kwano kamar zai ɓula shi, sai da Baba ya tashi ya ɗaga labule ya leƙa kafin ya ce haka ne. Ranar da yayarmu ta haihu kuwa, shi aka fara kira, amma ya haɗiye labarin sai da ya tara mu duka a falo, har da ni da aka ƙwanƙwasa wa banɗaki, don kada wani ya riga wani ji.

Shekara ashirin da shida yana kan wannan kujera, saura wata huɗu ya yi ritaya. Yana da mataimakiya da ta yi shekara tara a ƙarƙashinsa. Mu a gida Anti Ƙasa-ƙasa muke kiranta, don in ta gaishe ka sai ka matso da kunne. Baba ya rubuta wa daraktoci cewa ita ta dace ta gaje shi. Suka ce aikinta ba shi da makusa, amma ba a san ta ba, za su nemo wani daga waje wanda ya iya shiga mutane. Ranar Baba ya dawo ya zauna a falo da takalmi a ƙafa, abin da ko baƙo ba ya yi wa Umma. Ita ma da ta dubi fuskarsa sai ta ƙyale shi.

Su masu irin aikin Baba suna da ƙungiya, kuma duk shekara suna taron kwana biyu a otal. Da safe a koyar da su sababbin dabaru, da rana su sha shayi suna musayar kati. A bana an ba Baba zaman ƙarshe, ya yi magana kan yadda ake sanar da masu zuba jari mummunan labari. Sallamar girma ce aka shirya masa. Sati uku yana rubuta jawabin nan, shafi goma sha ɗaya, yana karanta wa madubin ɗaki. An kuma ce Ciyaman, wato shugaban daraktocin kamfaninsu, zai zauna a layin gaba.

Ana saura kwana uku, da yamma ina kwance ina latsa waya, ya leƙo.

"Auta, zo. Rufe ƙofar."

Na shiga lissafin laifuffukana na satin, na ga sun kai shida, ban san wanne aka gano ba.

"Lokacin da kake sakandare," ya ce yana kallon bango, "yaya kake yin muryar nan ta mura?"

"Wace murya, Baba? Ni wallahi ciwo nake yi na gaske."

"Duk ranar jarrabawar lissafi?"

"Lissafin ne yake tayar da shi."

Bai yi dariya ba. Ya ce so yake ranar taro ya hau dandamali ya ce muryarsa ta dishe, sai mataimakiyarsa ta karɓi zaman. Ya roƙe ta sau uku ta yi jawabin, tana cewa ita aikin bayan labule ya fi mata. In ya sanar da ita tun yanzu, ranar za ta nemi uzuri. In kuwa Ciyaman ya ji ta da kunnensa sau ɗaya, to shi ke nan.

Jama'a, shekara ashirin da uku ina duniya, yau aka fara neman ilimina a gidan nan. Na gyara zama na ɗora ƙafa kan ƙafa. Ya dube ta, na sauke.

"Da farko, Baba, daga maƙogwaro ake yi, ba daga hanci ba. Ka dafa wuya haka. Ka rage ido. Kada ka cika tari, mai tari da yawa shi ake fara zargi. Kuma kada ka ce ba ka da lafiya, bari a tambaye ka."

Ya dafa wuya, ya rage ido, ya buɗe baki. Abin da ya fito muryar mai karanta labarai ce da aka taka wa ƙafa. Muka sake. Muka kuma sakewa. A karo na bakwai ya ɗan fara kama hanya, sai ga Umma ta turo ƙofa da kwat ɗinsa a hannu, ta gama guga.

"Subhanallahi, me ya samu muryarka?"

"Lafiyata ƙalau," in ji Baba, garau, kafin ma ta rufe baki.

Na dafe kai. "Baba, wannan fa gwaji ne ya zo maka har gida!"

"Tambayata ta yi," ya ce. "Sai in ce mata me?"

Umma ta dube shi ta dube ni, ta rataye kwat. "Kowane shirme kuke ƙullawa, kada a zauna mini a kan wannan."

Ranar taro na bi shi a matsayin mai horarwa. Ɗakin taron kafet ne har bakin ƙofa, sanyi kamar cikin firji, kowa da igiya a wuya da sunansa a ƙirji. Na lura manyan nan ƙirjinka suke fara kallo kafin fuskarka, in abin da ke rubuce ya yi musu sai murmushi ya biyo baya. Nawa an rubuta Baƙo, don haka na samu sarari na yi wa teburin biskit adalci.

A hutun shayi na hango Anti a jikin ginshiƙi, ta riƙe kofi da hannu bibbiyu don kada wani ya ce zai gaisa da ita. Baba da kansa ba mai son taro ba ne, ko gaisuwa ta yi tsawo sai ya fara duba agogo. Amma ranar ya je ya karɓe kofin ya ajiye, ya sa ta a gaba, tebur bayan tebur. Bai ce da kowa ga mataimakiyata ba. Sai ya ce, "Rahoton da ka yaba bara, ga wadda ta rubuta." A wani teburin ya ce, "Amsar nan da na ba ka a waya, daga takardarta na karanta." Anti tana ta sunkuyar da kai kamar ana karanta laifinta.

Bayan an dawo aka kira sunansa, aka yi tafi mai tsawo. Ya hau ya zauna, ya dafa wuya daidai yadda na koya masa. Na ɗaga masa babban yatsa daga baya. Ya rage ido, ya matso da makirufo. Sai ya sauke hannun.

"Na yi niyyar in ce muku muryata ta dishe," ya ce, muryar tas kamar ƙararrawa. "Har darasi na ɗauka wurin ɗana, ga shi can kusa da biskit."

Mutum ɗari biyu suka waiwayo. Na ɗaga hannu, don ba a barin masoya haka.

"Muryata lafiya lau. Amma an ce in faɗi yadda ake ba da mummunan labari, ni kuwa ba na faɗin abin da wani ya fi ni sani yana zaune. Shekara huɗu da suka wuce babban tanderunmu na narka gilashi ya fashe. Ina asibiti an yi mini aikin ido, ko takarda ba na gani. Wata ce ta rubuta sanarwar, ta fitar wa kowa ƙarfe takwas na safe, sannan ta zauna kan waya har aka tashi aiki, ta amsa kira sittin da ɗaya. Da na dawo ni aka yi ta yi wa godiya, na yi ta cewa ba ni ba ne, aka ɗauka kawaici nake. To yau ga ta nan, ku tambaye ta."

Anti ta girgiza kai. Ta sake girgizawa. Baba ya tashi ya sauko matakala uku, ya zo ya tsaya a gefen kujerarta. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyi. Na matso, don haka na ji abin da ya ce a hankali.

"'Yata, tashi. Kawo jakar in riƙe miki."

Ta tashi. Shi kuma ya zauna a kujerarta, layi na tara, da jakar mata a kan cinya.

Minti biyun farko ba wanda ya ji komai. Wani daga baya ya ce a ɗaga murya. Na ga yatsun Baba sun shaƙe igiyar jakar nan. Sai wani mai gilashi daga wani asusun zuba jari ya miƙe, irin masu tambayar da ba amsa suke so ba.

"Kin ce mana gyara zai ɗauki wata uku. Daga baya muka ji injiniyoyinku sun ce biyu. Me ya sa kika tsorata mu?"

Anti ta ɗago kai, karon farko. "Cewa suka yi wataƙila biyu. Ukun ne suka yarda su sa wa hannu. Ni abin da aka sa wa hannu nake faɗa."

"Kuma wata nawa ya ɗauka?"

"Uku, ba kwana huɗu."

Aka fashe da dariya, har mai gilashin. Daga nan kuma sai ga Anti ta manta da kunya. Ta faɗi yadda ake rubuta jimlar farko ba tare da kwana-kwana ba, da yadda ake amsa wa mai zagi, da dalilin da ya sa ta kira tsofaffin nan masu ƙaramin jari da kanta maimakon ta bar wa sakatare. Alƙaluma suka hau aiki. Na saci kallon Baba, leɓensa yana motsi tare da nata, kamar mai raka yaro karatu. Takardunsa goma sha ɗaya suna nannaɗe a aljihun kwat, ƙarshensu ya leƙo.

Da aka tashi layi aka yi a gabanta. Katin da ta zo da shi guda goma ne, nan take suka ƙare, ta koma rubuta lambarta a bayan na mutane. Ciyaman ya jira layin ya ragu, ya zo ya tsaya kan Baba.

"Ka kama ni a gaban jama'a."

"Ranka ya daɗe, nuna maka kawai na yi."

Ciyaman ya juya wurin Anti. "Litinin ƙarfe tara ki same ni a ofis. Ki zo da tsarin da kike so sashen ya bi baɗi."

Muna wurin ajiye motoci ta biyo mu da sauri, ashe Baba ya taho da jakar bai sani ba. Ta karɓa, ta ɗan rusuna, idonta ya kawo ruwa. Shekara tara tana ce masa Yallaɓai.

"Na gode, Baba."

"Kin iya," ya ce yana neman makulli a aljihun da ba nan yake ba. "Ki riƙa shan ruwa kafin ki fara."

Da ta tafi sai abin ya taso mini. Na tsaya a tsakiyar hanya na buɗe hannuwa. Na ce duniya ta shaida, yau an ga mutumin da aka ba kujerar girma ya sauka da ƙafarsa, ɗalibi mafi muni da na taɓa koyarwa kuma uba mafi tsada a kasuwa. Na ce yau ɗin nan zan tara gida kaf, har maƙwabta, ya karanta mana shafi goma sha ɗayan nan, ni zan yi tafin farko, in ya ga dama ma in yi kuka.

Baba ya buɗe mota, ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Matsa, ka tare wa mutane hanya."