Baba Tanderu, Mai Auna Ƙarfe Sau Biyu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinSa, bayan jinyar kwana tara. Daga gare Shi muka zo, kuma can ne makomar kowa.

Shekara goma sha uku muka yi a ɗakin gwaji ɗaya. Ni ce mai lissafi da rubuta rahoto, kai ne mai narka mana ƙarfe, shi ya sa ɗalibai suka laƙaba maka Baba Tanderu. Aikinmu haɗa ƙarafa uku, nikel da manganis da galiyom, mu samu ƙarfen da ke miƙewa ya kuma takure idan maganaɗisu ya kusance shi. Wannan hali ba ya bayyana sai ƙarfen ya sauya tsarinsa na ciki, kuma zafin da yake sauyawa a kai ya dogara ne da yawan kowane sinadari a haɗin. Kashi ɗaya cikin ɗari ya isa ya matsar da shi da digiri masu yawa. Ni a littafi na karanta haka. Kai a hannunka ka san shi.

Ba zan manta da shekararmu ta uku ba. An ba mu aikin samar da ƙarfen wani ƙaramin famfo da zai riƙa tura wa majinyaci magani kaɗan-kaɗan, don haka dole ya yi aiki a ɗumin jikin mutum. Wata takwas muna fama, ƙarfen ya ƙi motsi a wannan ɗumin. Na rubuta rahoto cewa haɗin bai dace ba, kuma shugaban sashe ya shirya rufe aikin ranar Litinin, alhali mutum biyar ke cin abinci daga gare shi.

Ranar Laraba ka shigo ofishina da littafinka mai baƙin bango, ka tura ƙofa don kada kowa ya ji.

"Dakta, abin da kika rubuta ba shi kika gwada ba," ka ce. "Ina aunawa kafin narkawa, ina aunawa bayanta. Manganis yana bin hayaƙi."

Kunya ta kama ni, na ce me ya hana ka faɗa tuntuni. Ka ce sai da ka tabbatar sau ashirin, don ba ka son tayar wa mutum hankali da zato. Ka ƙara manganis daidai abin da ke gudu, ka narka ƙarfen sau huɗu kana juya shi. Ranar Juma'a muka ɗumama guntun, na matso da maganaɗisu, ya miƙe a gaban idonmu. Ba a rufe aikin ba. Da na sa sunanka a kan takardar da muka wallafa, dariya ka yi, ka ce ashe masu hura wuta ma ana buga su.

Ba ka taɓa zubar da guntun da ya lalace ba. Kowanne da ambulan ɗinsa da lambarsa a cikin durowa, domin ka ce wanda zai zo bayanmu bai kamata ya sake ɓata wata takwas ba.

Da muka je gaisuwa, na yi wa maiɗakinka bayanin famfon da ƙarfensa. Ta share hawaye ta ce, "Ashe! Ni shekara talatin in na tambaye shi, sai ya ce mini ƙarfe yake dafawa."

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da 'ya'yanka mata huɗu, da ƙaninka da ya zauna da kai a asibiti har ƙarshe. Allah Ya ba su haƙuri. Mu kuma da ka koya wa aiki, Allah Ya ba mu ikon riƙe gaskiya yadda ka riƙe ta. Amin.