Ciwon Yaya a Katin Sanda

Duk wanda ya zauna Unguwar Kanawa ya san Sanda, ma'aikacin gwamnatin jiha, dogo siriri mai sauri kamar ana jiransa. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne bai iya cewa a'a ba. Babur ɗinsa ya fi wuni a hannun maƙwabta, babbar rigarsa kuwa ta je ɗaurin auren mutanen da shi kansa bai taɓa gani ba. Matarsa Sa'adiya, malamar firamare, takan ce da kai ana cire shi, da tuni Sanda ya ba da aron nasa.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami. Wansa Malam Husaini ne ya riƙe shi, ya sa shi boko, alhali shi allo kaɗai ya yi. Malam yana Katabu da makarantarsa a zaure, masu hawan jini da masu ciwon suga na zuwa karɓar rubutu da tofi, kuma da sadakar da suke ajiyewa yake ci da gidansa. Har furfura ta fito wa Sanda bai taɓa zama kan tabarma ɗaya da shi ba, balle ya kalli ƙwayar idonsa.

Wata shekara aka kawo musu inshorar manyan cututtuka a ofis, irin wadda ake cirewa a albashi, in babban ciwo ya kama mutum kamfani ya biya shi a dunƙule. Aka tambaye shi ko yana da hawan jini ko suga, ya ce babu. Gaskiya kuwa ya faɗa, don a lokacin ko ciwon kai bai cika yi ba.

Bara, bayan babbar salla, ƙafafunsa suka fara kumbura. Sa'adiya ta danna da yatsa, wurin ya loma ya ƙi tasowa. Likita ya ce ƙodarsa ce, duka biyun, sai an riƙa wanke masa jini da inji, kuma in ana son ya rayu sai an yi dashe. Tun daga ranar tsoro ya shiga Sa'adiya bai fita ba. Tana cikin aji tana rubutu a allo, in waya ta yi ƙara sai alli ya faɗi daga hannunta. Babur ya tafi, ɗan kunnenta ya bi shi, duk wankin ƙoda ya cinye. Abin da ya rage musu shi ne kuɗin inshora, sai ga kamfani ya ce ba zai biya ba.

Ta je ofishinsu da kanta. Jami'in da ya saurare ta, wani mai suna Suhaib, ya yi magana a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Hajiya, mun bincika a asibitin da maigidanki yake da kati. Tun kafin ya shiga tsarinmu yake karɓar maganin suga da hawan jini. Ya ɓoye mana."

"Wallahi bai taɓa shan maganin suga ba! Ni nake dafa masa abinci!"

"Sunansa ne, lambarsa ce. In kina da ja, a kawo hujja, likitanmu ya duba."

A Keke Napep ta tuna, har sai da ta dafe ƙirji. Shekarun baya Malam ya zo da sassafe, shi da ƙanensa suka yi ƙus-ƙus a soro, Sanda ya shigo ya ɗauki katin asibitinsa ya fita. Wane ne bai taɓa yi ba? Buɗe sabon kati wuni guda ne a layi, sai kawai ka ari na ɗan'uwa, in an kira sunansa ka amsa. Sai dai Malam ba layi ya guje wa ba, idon jama'a ya guje wa. Katin bai dawo ba, Sanda kuwa ba zai iya buɗe baki ya tambaya ba.

Da ta gaya masa, sai ya yunƙura ya tashi zaune.

"Kada ki kuskura, Sa'adiya. In aka ji Yaya yana shan maganin asibiti, wa zai ƙara taka zaurensa? Da me zai ci?"

"Kai kuma da me za ka rayu, Baban Ilham?"

Ya juya fuska bango.

A makon aka tsallake wanki ɗaya saboda babu abin biya. Amai ya zo, numfashi ya yi sama, Sanda ya dubi Sa'adiya da rana tsaka ya tambaye ta ko ita ce nas. Aka kwashe shi zuwa asibiti. Da ya farfaɗo, Sa'adiya ta bar ƙanwarta a wurinsa, ta je Kawo ta hau motar Katabu.

Ta jira sai da zaure ya watse, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta faɗi komai kanta a ƙasa. Malam yana zaune kan buzu, ƙafafunsa cikin huffin fatar da ba a taɓa ganinsa babu shi ba, yana jan carbi.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a, Malam. Hana ni ma ya yi."

"Na sani. Tashi ki koma wurin mijinki."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ta dawo ba ta san ko ta yi nasara ko ta raba zumunci ba ne. Ta dai aika masa da ranar da likitan kamfani ya sa, ta ci gaba da addu'a da zullumi.

Ranar suna zaune a gaban likita, ita da Sanda da Suhaib, sai ga Malam ya yi sallama, shi kaɗai, ba ko ɗalibi mai riƙe masa buta. Sanda ya zabura zai sauka daga kujera, jiri ya mayar da shi.

"Ni ne mai ciwon," in ji Malam. "Wannan katinsa kawai na ara."

Likita ya buɗe fayil, ya ce abin ba wuya, don an rubuta cewa an yanke wa mai katin ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Sanda ya ɗago kai a firgice, domin bai taɓa jin wannan ba. Aka ce ya cire takalmi, ga yatsunsa cif. Sannan likita ya dubi Malam.

Dattijon da ko hularsa ba ya cirewa gaban ƙanensa ya sunkuya ya fara zare huffi, huffin ya ƙi fita sai da ya ja da hannu biyu. Sa'adiya ta kau da kai don kunya, amma idonta ya riga ya gani. Yatsan babu. Ƙafar kuma ta kumbura suntum, fatar na sheƙi. Likita ya danna da yatsa, wurin ya loma ya ƙi tasowa.

"Tun yaushe, Baba?" in ji likita.

"An kwana biyu. Na daina zuwa asibitin, wani ɗalibina ya kama aiki can."

Aka ɗebi jininsa, suka zauna jira a baranda. Da aka kira su, Suhaib ya fara: hujja ta tabbata, zai rubuta a biya Sanda haƙƙinsa. Sa'adiya ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai ta ga likita bai rufe takardar gwajin ba. Ya ce ƙodar Malam ita ma ta kusa tsayawa, in ba a fara yi masa wanki cikin makon nan ba, shi ba ya ɗaukar alhaki.

Malam ba shi da albashi, ba shi da inshora, kuma gobe duk Katabu za ta ji inda ya wuni. Kuɗin da za a biya na mutum ɗaya ne, shi ma da ƙyar. Sa'adiya ta juya ta dubi mijinta, tana roƙonsa da ido, ta kama hannun rigarsa a gaban wansa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Sanda bai dube ta ba. Ya zame daga kujera ya durƙusa, yana haki.

"Likita," ya ce, "shi ne babba. A fara da shi."