Kawuna da Akwatin Ƙorafin Kamfanin Motoci

Kawuna mai gyaran shafukan intanet ne, kuma a danginmu babu wanda ya san takamaiman abin da hakan ke nufi. Kakarmu cewa take yi yana gyaran talabijin. Ya fara ne da ɗaukar hoton fasfo, ya koma buga takardu, daga nan ya koya wa kansa wannan sana'a a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda fanka ke juyawa kamar an yi mata dole. Mutum ne mai sanyin hali. Aibinsa ɗaya: idan ya ga abu a lalace, ba ya samun sukuni sai ya gano dalili. Wannan hali shi ya haɗa shi da yayan matarsa.

Yayan nan manaja ne a wani kamfanin motocin haya masu dogon zango. A shafin kamfanin akwai fom na ƙorafi: fasinja ya rubuta sunansa da lambar wayarsa, sannan ya zazzage abin da ke cikinsa a babban akwatin da ke ƙasa. To, an daɗe saƙonni na isowa ofis da suna da lamba kawai, akwatin fayau. Manaja ya yi wa abin fassarar da ta kwanta masa a rai: mutane ne suka rasa abin kushewa, suka bar suna don gaisuwa. Har ya sa sakatariya tana tura wa kowa saƙon godiya. Wata mata da aka ɓatar mata da akwatin kaya ta sami nata saƙon godiyar, ta taho ofis da kanta, ta yi musu wankin babban bargo. Sai a lokacin aka tuna da Kawu.

"Injiniya, duba mana, amma ka san aikin gida ne," in ji Manaja.

"Na sani, Yaya," in ji Kawu, don ya san ma'anar aikin gida: babu ko sisi.

Aka ba shi kujera mai karyayyen hannu kusa da injin kwafi. Ya cike fom ɗin da kansa, ya rubuta "gwaji", ya tura. Suna ya iso, gwaji ya maƙale a hanya. Ya kashe sauran ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafin ɗaya bayan ɗaya, ko wata ce ke taka wa wata ƙafa. Shiru. Can ya gano cewa lokacin da aka sabunta manhajar fom ɗin, sunan akwatin ya canza, ita kuwa wasiƙar da ke kai saƙo ofis tana nan tana kiran tsohon suna. Kalma guda ya gyara.

Da a nan ya tsaya, da an rabu lafiya. Amma ya leƙa rumbun bayanai, ya tarar duk abin da mutane suka rubuta yana nan a jibge, ko wasali bai ɓata ba. Cikin murna ya danna, injin buga takarda ya fara aman su.

Manaja ya ɗauki ta farko. Direba yana tuƙi yana cin gyaɗa da hannu biyu. Ta biyu: kujera ta lanƙwashe da fasinja a kai. Ta uku ba a kan mota take ba, a kan shi kansa Manajan ne, har da siffanta tumbinsa. Sakatariya ta sunkuyar da kai, tana danne dariya.

"Cewa na yi ka gyara, ban ce ka tono ba! Mayar da shi yadda yake."

"Yaya, ban iya ɓatawa ba. Ba a koya mini ba."

Manaja ya yi ta zagaya ofis yana huci, sannan ya tsaya cak. "Wannan rubutun na saman akwatin, ana iya canza shi?"

"Ana iyawa."

"Goge ƙorafi. Rubuta yabo."

Kawu ya dube shi, ya tuna cewa ƙanwar mutumin nan ce ke jiran sa a gida, ya goge ya rubuta. Fasinjoji ba su fasa ba, suka ci gaba da zuba zagi a akwatin yabo, kuma yanzu duk yana isowa lafiya lau. A taron masu kamfanin, Manaja ya sanar cewa yabo ya yi yawa har ba a iya karantawa. Aka tafa masa, aka ƙara masa girma.

Kawu ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Matarsa ta ce ya daina sa wa kansa damuwa, yayanta tun yana yaro idan ya faɗi jarrabawa cewa yake yi malamin ne bai gane amsar ba.

Yana nan a shagonsa har yau. Ya ƙara sanƙo, ya rage magana. In ɗan uwa ya shigo da waya a hannu yana murmushi, sai Kawu ya riga shi: "Ai ni talabijin nake gyarawa, tambayi tsohuwa." Amma in baƙo ne, yakan jawo masa kujera, ya gyara zaman tabarau, ya ce a nuna masa daga inda abin ya fara.