Raka'a Huɗu a Ɗakin Yaya

Yayana direban tasi ne, shi ya kawo ni Amurka karatu, muna zaune tare a wani ɗan gida a Germantown, jihar Maryland. Wata safiya cikin sanyi motarsa ta zame kan ƙanƙara a babbar hanyar 270, ta daki ƙarfen gefen titi. Haƙarƙarinsa uku suka karye, ɗaya ya soki huhu.

Da na isa asibiti an riga an huda masa gefen ƙirji, an zura tiyon roba mai kaurin babban yatsa, an ɗinke shi da fata. Likita ya ce jini da iska ne suka taru tsakanin huhu da haƙarƙari suka matse huhun, tiyon ne zai fitar da su har ya sake buɗewa. Ɗaya bakin tiyon yana shiga wani akwatin roba da ke ƙasa gefen gado. Duk lokacin da Yaya ya yi tari sai ruwan cikin akwatin ya yi ɓulɓul.

Nas ɗin da ke kula da shi ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Kada tiyon ya lanƙwashe, kada a ja shi, kuma kada a ɗaga akwatin sama da ƙirjinsa, don abin da ya fito yana iya komawa. Ta sa na maimaita mata. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba, na ji sarai.

Mutanenmu kuwa ba sa wasa da dubiya. Asibiti ya ce mutum biyu-biyu, su suka ji ashirin. Direbobi daga Wheaton, matan Gaithersburg da kulolin abinci, ga fura a gora wai don mara lafiyar da ko ruwa da ƙyar yake haɗiya. Ni ce mai tarba, ni ce mai kora, har nas-nas suka fara yi mini kallon shugabar ƙungiya.

Rana ta uku wani dattijo ya zo, ɗan garinmu, abokin marigayi mahaifinmu. Ko a gida ba na iya ɗaga ido in dube shi. Suna cikin hira la'asar ta yi. Ya zaro sallaya daga jakarsa, wani ya duba alƙibla a waya, sai ta faɗa daidai lungun da ke tsakanin gado da taga, inda akwatin yake.

Dattijon ya tsaya da sallaya a hannu, ya ce, "Ɗiyata, ɗan kauda wanga abu."

Tiyon bai da tsawon da zan zagaya da shi ɗaya gefen. Ƙarƙashin gado duk ƙarafa ne da wayoyi. Ga tsoho a tsaye yana jirana, ga maza uku sun zuba mini ido. Na ce a raina, raka'a huɗu ce, minti nawa ne? Na ɗauki akwatin da hannu biyu na ɗora kan dakalin taga.

Yana kabbara na ga jan ruwan da ke kwance cikin tiyon ya motsa. A hankali ya gangara baya, ya nufi Yaya, ya ɓace ƙarƙashin bandeji. Yaya ma ya gani. Ya dube ni, na dube shi. Kafin in kai ga akwatin dole sai na gitta gaban mai salla, kuma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Tsohon nan kuwa ba ya gaggawa a ruku'u, ba ya gaggawa a sujada. Ban taɓa jin salla ta yi mini tsawo kamar wannan ba, Allah ya yafe mini.

Yana sallamewa nas ta shigo. Ta sauke akwatin da sauri, ta juyo fuska a murtuke tana tambayar wa ya taɓa shi. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce da Turancinsa na direba shi ne ya sa aka ɗaga, ƙarar ce ta dame shi. Ta yi masa faɗa kamar yaro, yana ta ba ta haƙuri. Da aka watse na fara kuka, ya ce, "Ke, bari. Ba komi, walle."

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi. Ruwan akwatin ya sauya launi, ya yi kauri. Suka ce mugunya ce ta taru a ƙirjin, suka sa tiyo na biyu, daga baya aka shiga da shi tiyata don a kankare. Bai farfaɗo sosai ba. Ya rasu ranar Talata da hantsi ina riƙe da ƙafarsa.

Na tare likitan a baranda na gaya masa komai. Ya saurara, ya ce ƙwayar cuta takan shiga ta ramin tiyo ko ba a taɓa komai ba, jinin da ya kwanta a ƙirji ma yakan ruɓe da kansa. Na ce to, ba ni ba ce? Ya ce ba zai iya cewa ni ce ba. Na ce ka ce ba ni ba ce. Ya ce wannan ma ba zai iya ba. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau kuma ina jin haushin gaskiyarsa.

A nan Maryland muka binne shi. Da yamma na kira Inna a Maradi, layin yana ta yankewa. Ba ta tambayi mota ba, ba ta tambayi likitoci ba. Ta ce, "Kina wurin? Kin kula da shi?"

Na ce, "Na kula, Inna."

Ta ce, "To alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Allah shi yi miki albarka, shi ba ki mai kula da ke haka."

Na ce amin.