Rangwamen da Na Ci da Furfurar Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, ya zo Yamai daga Damagaram ne don a duba masa ido, ba don ya zama jarina ba. Gara in fara da wannan tun kafin in soma nema wa kaina uzuri, don na san halina.

A shekarun farko ne na ƴancin kai, lokacin ba a yi gada ba. Mai son ƙetare kogi sai ya gangara Gaweye ya jira bak, wato jirgin fiton nan na ƙarfe, ko ya shiga kwalekwale. Ina da ɗan tebur a kasuwa, ina auna shinkafa da tiya, wato mudu, wani lokaci in haɗa da zabi in na samo su da araha a ƙetare. Karatuna bai wuce aji uku na lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ba ni kai mai saurin gano inda tamma, ɗan ƙaramin kuɗin nan, take ɓuya. Na daɗe ina alfahari da wannan kan.

Kawu baduku ne. Tun yana saurayi yake ɗinka jaka da kube da takalmi, har ido ya fara yi masa hazo. Ba mai kuɗi ba ne, amma kowace Juma'a sai an soya masa, wato waina, an raba a ƙofar gidansa. Abu ɗaya yake taƙama da shi, yakan kuma faɗa ko ba a tambaye shi ba: tun da ya san kansa bai taɓa miƙa hannu ya karɓi sadakar kowa ba. Ido ya tafi rabi, ƙarfi ya tafi, matarsa ta rasu. Wannan maganar ce kaɗai ta rage masa, da ita ya sauka a tasha, sai wata babbar riga baƙa ta saƙi da rawaninta.

Ranar da na kai shi likita layi ya kai bakin titi. Ba mu yi nisa da tsayuwa ba sai babban malamin jinya, wanda muke ce wa majo, ya leƙo ya ga furfura, ya ce, "Baba, ku zo gaba." Muka wuce mutanen da suka zo tun da asuba. Da aka gama ɗiga masa magani sai na tuna ina da haƙori mai damuna, tunda kuma ina ciki, na buɗe baki aka duba. A hanyar gida mahauci ya ƙara masa tsoka biyu, mai goro ya ƙi karɓar kuɗinsa. Ɗan kirki in ya ga haka sai ya sa wa mutanen Yamai albarka. Ni abin da na ce a raina shi ne, ashe haka tsufa yake da riba, muka bar shi yana lalacewa a Damagaram?

Daga ranar na zama ɗa nagari. Unguwa duka ta shaida. Ba na fita sai da Kawu, hannunsa a kafaɗata. Masu kwalekwale ba sa karɓar kuɗin fito a hannun tsoho tukuf, kuma kayan da ke kusa da ƙafarsa nasa ne, don haka kwandon zabina bai taɓa nisa da ƙafar Kawu ba. Mai yankan tikitin kasuwa in ya ga tsoho a bayan tebur sai ya gaishe shi ya wuce, don haka na san lokacin zuwansa fiye da yadda na san lokacin azahar. Amma babbar gonata ita ce Saga, inda mata ke sayar da shinkafar da suka surfa. Mudu in na tsoho ne sai an cika shi ya yi toliya, a ƙara da tafi biyu, a kuma rage farashi.

Kawu ba ya jin Zabarmanci, ni kuwa na iya shi kamar a nan aka haife ni. Sai in tsayar da shi gaban mai shinkafa, in ce mata da yarenta, "Tsohona ne, ba ya gani, ba shi da kowa, wannan ta cinsa ce." Shi kuma yana tsaye yana murmushi, yana gyaɗa kai, a zatonsa gaisuwa nake miƙa masa. Tsoho ɗaya mai haƙora shida yana cinye buhu biyu a mako, babu wadda ta taɓa tambaya.

"Kai ɗan nan," in ji shi wata rana muna dawowa, "ban san kana ƙaunata haka ba. Uwarka ma, da muka fito ciki ɗaya, ba ta yi yawo da ni haka ba."

"Kawu, likita ya ce ku riƙa motsa ƙafa."

"Ido na kawo masa, ya koma kan ƙafa? To, Allah ya ƙara masa ilimi. Amma mutanen garin nan suna da tarbiyya. Sun san girman na gaba."

Na ce ƙwarai kuwa.

Da tafiya ta yi tafiya sai na lura da wani abu, irin lurar da ta sa nake ganin da na yi nisa a lakwal da na zama minista. Ranar da Kawu ya sa baƙar rigarsa ya naɗa rawani, mata kan durƙusa su gaishe shi, amma rangwamen kaɗan ne, don suna ganin attajiri. Ranar da ya sa wata tsohuwar taguwa da ta koɗe, wadda yake zama da ita a gida, sai mudu ya yi toliya biyu. Ba zan iya ce wa kawuna ya sa tsumma ba, ina da kunya ai. Sai na ce wa matata ta riƙa wanke babbar rigar duk jajibirin zuwa Saga. Saƙi ne mai kauri, ba ya bushewa a kwana ɗaya.

Ta wanke sau ɗaya, ta wanke sau biyu. A na huɗu ta tsaya da rigar a hannu.

"Malam, rigar nan me ta yi maka? Ko jariri ba ya shan wankan da take sha."

"Tsabta ce. Tsohon mutum ne, bai kamata a gan shi da dauɗa ba."

"Shi ya sa kake fita da shi a cikin tsumma. Na gane. Kai dai Allah ya bar mana kai, da tausayi."

Ta wanke dai, don ni ne maigida. Wannan ma yana cikin abin da zan amsa, na sa hannunta a laifin da ba nata ba.

Da safe Kawu kan laluba igiyar shanya, ya taɓa rigar, ya ce, "Har yanzu da danshi. Matarka tana son ruwa, ɗan nan. Da kifi ka aura da an huta." Sai ya zura taguwar mu tafi.

Abin ya ƙare ne wata Juma'a da hantsi. Mun isa Saga, na tsayar da shi gaban wata dattijuwa da muka saba saye a wurinta, na karanta mata karatuna na kullum, ta auna. Na zaunar da Kawu a inuwa kusa da ita na tafi neman mai jaki. Ban san ta yi zaman aure a Maraɗi ba. Duk watannin nan da Zabarmanci nake mata magana, da shi take amsa mini, ban taɓa jin ta yi Hausa ba.

Ina dawowa na tarar ta durƙusa gabansa, ta kama hannunsa ta buɗe, ta sa masa dala da goro ɗaya.

"Baba, ga sadakar Juma'a," in ji ta da Hausa tsantsa. "A yi mana addu'a."

Kawu ya bar hannun a buɗe. Can ya ce, "Ƴata, kin yi kuskure. Ni ba mabaraci ba ne."

"A'a, Baba, ba komai, duk mun sani. Ɗan jagoran naku ya gaya mana ba ku da kowa. Shi ya sa muke cika muku mudu, mu ma muna neman lada." Ta ɗaga kai ta gan ni. "Ga shi nan ma. Allah ya saka maka, bawan Allah. Ba kowa ke jan makaho tun daga gari har nan ba."

Na amsa da amin. Wallahi amin na ce, don bakina ya riga hankalina.

Aka ɗora wa jaki kaya. Da muka kama hanya na matso da kafaɗata, bai ɗora hannu ba. Ya bi ƙarar kofaton jakin da sandarsa. Mun yi nisa, gonakin shinkafa sun koma bayanmu, sannan ya tsaya.

"Ɗan nan, abin nan da kake faɗa musu da yarensu, maimaita mini da Hausa."

"Kawu, gaisuwa ce kawai, kun san mata da—"

"Gaisuwar ce nake son ji. Ina so in koya."

Na faɗa masa. Na rage "ba shi da kowa", sai ya ce wannan ai ya riga ya ji daga bakinta, in ci gaba. Ya yi tambaya a kan masu kwalekwale, na faɗa. Ya yi tambaya a kan mai tikiti, na faɗa. Sannan ya ce, "Rigar fa?"

Bai ma jira amsata ba.

"Ashe na daɗe ina bara a garin nan, ni kaɗai ne ba a sanar ba." Ya laluba hannuna ya sa mini dalar da goron. "Riƙe. Kai ka yi aikinsu."

Ranar bai je masallacin Juma'a ba, karo na farko tun zuwansa. Ya ce ba ya son ya zauna a sahu wani ya jefa masa tamma. Ya kwashe rigarsa daga igiya da danshinta ya shiga ɗaki. Bai ƙara zama a dakalin ƙofar gida ba. Maƙwabta suna tambaya ko jikin ne, ina ce musu idon ne ya tashi. Matata ce kaɗai yake yi wa magana, yana ce mata ƴar albarka, duk da ya san hannun da ya yi wankin. Ni in na gaishe shi sai ya amsa daidai yadda addini ya wajabta, babu gyara.

Na yi nadama, amma bari in faɗi irinta. Rabinta kunya ce, rabinta kuwa saboda makon nan na sayi shinkafa a farashin kowa.

Bayan kwana goma ya ce zai koma gida. Na ce magani bai ƙare ba. Ya ce abin da ya gani a Yamai ya ishe shi, in idon ya ƙara buɗewa bai san me zai tarar ba. Na ce to zan biya kuɗin mota. Ya ce kuɗina ya san gonar da aka noma su. Ya ba matata wuƙaƙensa na aiki da basillansa, waɗanda ya zo da su a ƙunshe ko da ba ya iya amfani da su, ta kai wa wani baduku a kasuwa ya saya. Da wannan ya haɗa kuɗin hanya.

Da safe muka je tasha. Ya sa baƙar rigar, ya naɗa rawani da kansa, ya fi kowa a wurin kwarjini. Direban babbar motar Damagaram mutumin kirki ne, da ya ga furfura sai ya rusuna.

"Baba, ku kawo rabi. Tsoho ba ya biya duka a motata."

"Rabina ne zai shiga motar?"

"A'a, Baba, girmamawa ce."

"Na gode. An girmama ni a garin nan har na ƙoshi. Nawa kowa ke biya?"

Direba ya faɗa. Kawu ya kwance bakin rawani, ya laluba, ya biya cif. Aka ba shi wuri a gaba. Na ga yadda ya gyara zama, ya miƙe wuya, fuskarsa ta ɗan saki, karo na farko tun ranar Saga. Har ya ce mini in gaida gida.

Ana ɗaure kaya sai direban ya ja ni bayan mota. Ya damƙa mini rabin kuɗin.

"Ni ba zan ci kuɗin tsoho ba, ubana ma yana raye. Daga hannuna ba zai karɓa ba. Kai nasa ne, ka san yadda za ka sa masa a jaka."

Ina da hanyoyi biyu masu kyau. In mayar wa direba in ce ya riƙe, tsohon ya fi son haka. Ko in zura a jakar Kawu in yi shiru. Na tsaya ina auna wace ta fi, ina aunawa a hankali, da natsuwa irin ta masu tunani, har aka tayar da inji. Ina cikin aunawa motar ta fita daga tasha.

Kawu ya rasu bayan damina. Wanda ya kawo mini labarin, maƙwabcinsa ne, ya ce har kwanakinsa na ƙarshe ba ya son a yi masa zancen Yamai. In an matsa masa, abu ɗaya yake faɗa: ko ba komai, da kuɗinsa ya fito daga garin, cif, ba wanda ya rage masa ko tamma. Mutumin yana ba ni labarin yana murmushi, yana jira in ce Allah ya jiƙan Kawu, mutum mai zuciya. Na ce haka. Ban gaya masa ba, ban gaya wa matata ba har ita ma ta rasu, cewa rabi Kawu ya biya. Ɗaya rabin na sayi zabi da shi a ƙetare, kuma sun yi riba.