Bular Baba Hamisu

Har gobe ba zan manta da safiyar Talatar da na zagaya filin shanya na tarar farin ulunmu ya koma launin sararin sama ba. Na rubuta ne saboda ku da aka ɗauka aiki bana, don na gaji da maimaita labarin baki da baki.

Bari in fara da yadda aikin yake, tunda wasunku har yanzu gani kuke wankin gwanjo kawai muke yi. Daga Ijora ake kawo mana diloli nan Isolo, rigunan sanyin da 'yan gwanjo suka rasa mai saye. Wa zai sa rigar ulu a zafin Legas? Da ba don mu ba, juji za su tafi ko a cinna musu wuta. Da farko ana gwada kowace riga: a tsinko zare a kyasta masa ashana. Ulu na gaskiya warin babbakar kan rago yake yi, tokarsa ta murmushe a hannu. Na roba narkewa yake ya ƙulle. Daga nan sai teburin maɓalli, inda ake cire maɓalli da zif da reza. Sai teburina, na rarraba launi. Sai wanki da ruwan sanyi, a shanya, inji ya yayyaga su koma kamar auduga, a sake kaɗa zare, a saƙa bargo da yadi.

Ba ma rini. Wannan ita ce dokar gidan. Ja da ja ake haɗawa, toka da toka, zaren ya fito da launin da rigunan suka zo da shi. Duk wanda ya taɓa ganin ruwan da ke fitowa daga bayan kamfanin rini ya san dalili. Ruwan wankinmu ma tanki yake shiga ya kwanta a sake amfani da shi, ba kwata ake sakar wa ba.

Fari ya fi kowane launi wuyar samu. Kuma ba fari ba ne fat, ruwan madara ne. Wata mata mai ɗinka bargon jarirai ta nemi irinsa, wanda ba a sa masa komai ba, aka yi magana aka gama. Tun kafin azumi nake tsintarsa riga ɗaya-ɗaya, sai bayan babbar sallah ya kai yawan da inji zai karɓa.

A lokacin ne aka ɗauki Baba Hamisu. Mutumin wajen Maraɗi ne, ya daɗe yana wanki da guga a Agege, kusa da layin dogo. Tun ina firamare shi ke wanke wa babanmu kayan Juma'a. Da aka tashi rumfunan wurin ya rasa wurin sana'a da wurin kwana gaba ɗaya. Mamanmu ta matsa mini, na kai shi wurin Madam, mai masana'antar. Ta ba shi sashen wanki, ta kuma ba shi ɗakin da ke jikin get. A shekarunsa, albashi da ɗaki a Legas ba abin wasa ba ne, kuma shi ma ya sani.

Ranar Litinin na damƙa masa farin ulun. Na ce, “Baba, ruwan sanyi. Sabulun nan da aka ba ka kawai. Ba bugu, ba matsa, kada ka ƙara komai.”

Ya ce, “To, ɗiyata.”

Washegari danfo, motar hayar da nake hawa, ta makarar da ni. Ina isowa na wuce filin shanya, na ga rigunan jere a kan raga, shuɗi-shuɗi, tas da su. Baba na tsaye gefe ya goya hannu a baya, yana jiran yabo.

Na ce, “Baba, me ka sa?”

“Bula ce, 'yar kaɗan. Da kuɗina na sawo, ban taɓa na patron, mai wurin nan, ba.”

“Ban ce kada ka ƙara komai ba?”

“Kin ce. Amma ɗiyata, kayan nan ja suke kamar haƙorin mai cin goro. Na wanke, na ɗauraye, suna nan yadda suke. In miƙa hwarin kaya haka, a ce Hamisu ne ya wanke?”

Na ce, “Haƙorin mai goron nan shi aka saya, Baba. Shi na yi wata da watanni ina tsinta.”

Kallona kawai ya yi. A ganinsa yarinta ce ke damuna.

Madam ta iso tare da ogan inji. Ta ɗaga riga ɗaya ta duba ta a rana, ta ce, “Ruky, wetin be dis?” Ruky take ce mini, Rukayya ta yi mata tsawo. Na yi mata bayani da Yarbanci. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi a gwada ɗauraye kaɗan a gani. Aka gwada. Bular ta fita a wani wuri ta zauna a wani, riga ta yi dabbare-dabbare. Da aka sake sa ta a ruwa sai ulun ya fara curewa, kuma ulun da ya cure inji ba ya iya kaɗa shi ya yi zaren kirki. Ogan inji ya kawo shawarar bilic. Madam ta ce bilic cin ulu yake, ruwansa kuma ba shi da wurin zuwa sai kwata, sannan da wane baki za ta ce wa matar nan ba a sa komai ba? Aka tsayar: a zuba shi cikin tarin toka da shuɗi, a kira mai bargo a ba ta haƙuri. Matar ba ta jira ba, wani wuri ta koma.

Sai maganar Baba. Madam ta ce ya tafi. Ni ce tafinta, don shi ba ya jin Yarbanci, turancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba. Kafin in fassara na ce mata, “Madam, bai yi sata ba, bai yi lalaci ba. In kin kore shi yau, a masallaci zai kwana.” Sai ta ce ya koma teburin maɓalli, albashinsa na nan, ɗakinsa na nan, amma hannunsa ba zai ƙara taɓa ruwan gidan ba.

Na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya waiga ya dubi teburin, mata zagaye da shi kowa da rezarta. Ya ce, “Tambaye ta, kayan sun fita ko ba su fita ba?”

Na ce, “Baba, bar maganar nan. An bar maka ɗaki.”

“Ke dai tambaye ta.”

Na tambaya. Madam ta ce, “Gaya masa sun fita. Fitar ce ta ja mana asara.”

Ya ce, “To, alhamdu lillahi.”

Ya zauna a teburin ya yini yana cire maɓalli, bai kula tsokanar matan ba, har da mai ce masa ango ya shigo cikin amare. Daga inda yake ana hango wurin wanki, inda aka mayar da wata mata da ba ta daɗe da zuwa ba. Bayan la'asar ya zo teburina ya ajiye reza da makullin ɗaki.

Na ce, “Baba, ina za ka? Ka san kuɗin haya a garin nan kuwa?”

Ya ce, “Na riga ki sani. Amma ba ni iya zama ina jin ƙarar ruwa, wani na wanki. Ki gaida mamanki.”

Ban roƙe shi ba, don na ga ba zai ji ba. Ya ɗaure kayansa a buhu ya fita. Yanzu yana Agege, a ƙofar gidan wani Alhaji, da bahonsa da dutsen gugarsa, a barandar yake kwana. Babanmu ya mayar masa da kayan Juma'arsa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a aikin nan wanda bai iya komai ba ya fi sauƙin koyarwa. Ka ce masa bari, ya bari. Gwani kuwa da kunne yake jin doka, hannunsa na bin abin da ya saba. Duk sana'ar da muka taso muka gani ta gyara kaya ce: a sa bula, a sa sitati, a rina, tsoho ya koma kamar sabo. Tamu ta barin abu ce yadda ya zo, kuma wannan ya fi wuya ga mai zuciyar aiki. Shi ya sa ranar da kuka zo ban tambaye ku takardar makaranta ba, na tambayi kowa sana'ar da ya baro. Wanda ya ce mini bai taɓa yin komai ba, na bar shi da rezarsa. Wanda ya ce shi gwani ne, a bayansa nake tsayawa.