Turmin Inna

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

Wata Laraba ce, a kakar da ta biyo bayan babban fari, ina 'yar shekara tara ko goma, a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanzomo. A shekarar Allah ya ba da gero, har mutane suna kallon dammunan gero suna tsoron yin murna da ƙarfi. Tun da hantsi muka fita masussuka, manya da yara. Rana ta buɗe da zafin nan na kaka mai sa gumi ya bi gadon baya, can kuma iska ta ɗauke ɗif, har mata masu shiƙa suka ajiye ƙore suna jiran ta dawo. Shirwa guda tana ta kewaya samanmu, ba ta sauka ba, ba ta tafi ba. Masussukarmu fako ce, ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki a tsakiyar rairayin da ya kewaye gari, shi ya sa aka zaɓe ta, don kada tsaba ta ɓace cikin yashi.

Aikinmu ne mu 'yan mata mu kai turame masussuka da safe, mu mayar da su gida da yamma. Amma turmi a wurinmu ba kaya ba ne kamar sauran kaya. Mutum biyu ke ɗora maka shi, mutum biyu ke sauke ka. Kuma ba a yar da shi. Da turminta ake kai mace gidan miji, a kansa ake zaunar da ita a yi mata wankan amarci. Mun taso muna jin cewa in turmin mace ya tsage, to ko dai gidanta ya watse, ko a fitar da gawa daga cikinsa. Yarinya ta fasa tulu, a zane ta, gobe a manta. Amma ban taɓa jin wadda ta fasa turmin uwarta ba, balle in san abin da ake yi mata.

Delu 'yar baffana ce, ta girme ni da kaɗan, gida ɗaya muka tashi, tabarma ɗaya muke kwana. Uwarta muke kira Inna. Delu siririya ce kamar tsinke, in ta juya gefe sai ka ce iska za ta ɗauke ta, amma Allah ya zuba mata ƙarfi a hannu. Rijiyarmu zurfi gare ta, manyan mata ke jan guga, ita kuwa sai ta shiga cikinsu ta ja. Damin geron da yaro namiji zai yi ta nishi a ƙarƙashinsa, ita da shi take gudu. Akwai wata tsohuwa a gidanmu, Goggo Tasalla, idonta ya yi rauni amma hannunta na gani. Takan kamo Delu ta lallatsa mata kafaɗa da wuya, ta ce, "Yarinyar nan, ƙashinki bai nuna ba tukuna." Delu sai ta yi dariya ta zame.

Muna da wani wasa da manya suka hana, muna kiransa ɗaga. In mata sun koma gida sallar azahar da cin abinci, an bar mu gadin hatsi, sai mu yi shi. Ƙanana da ƙanana suke karawa da turmin yaji, manyan 'yan mata kuma da turmin fura. Yarinya za ta rungumi turmi ita kaɗai, ta kai shi gwiwa, ta kai shi ƙirji, ta cilla shi bisa gammo, ta tsaya cik har mu gama tafa waƙa guda. Daga nan biyu su zo su sauke ta. A cikin ƙanana ba mai ja da Delu. A cikin manya kuwa sai Hansai, wata doguwa daga rugar da ke gefen gari, wadda ke kawo mana nono. Hansai ba muguwa ba ce, bakinta ne dai ba ya zama.

Ran nan sauran manyan 'yan mata duk sun bi iyaye gida ɗauko abinci, Hansai kaɗai ce babba a cikinmu. Delu ta ɗaga turmin yaji kamar ƙwarya, muka tafa mata. Hansai ta tuntsire da dariya ta ce, "Ke tsinken tsire, wannan ai ko kazar gidanku ta ɗaga shi." Delu ta waiga, idonta ya sauka kan turmin Inna.

Turmin nan na ƙirya ne, baƙi wuluk, Inna ta gaje shi wurin uwarta da ta zo da shi daga wajen Damagaram. Mata biyu ke kawo shi masussuka, suna hutawa a hanya. A bakinsa akwai 'yar tsaga da aka ɗaure da ɗanyar fata ta bushe a jiki, kowa ya san da ita, kowa ya san in ya bugi fako sau ɗaya sai ya rabe biyu. Hansai ta daina dariya, ta ce wasa take yi, ko ita ba ta taɓa gwada shi ba. Ni na riƙe wa Delu zani na ce ta bari. Ta cire hannuna a hankali, ta gyara gammo, ta tofa yawu a tafi.

Ta rungume shi ta kai gwiwa, jijiyoyin wuyanta suka fito kamar igiya. Ta kai shi ƙirji. Ba wadda ta tafa, ba wadda ta fara waƙa. Sai ta yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba, ga turmi a kanta. Ta tsaya, ƙafafunta na rawa, wuyanta ya nutse cikin kafaɗa. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ku sauke ni." A nan muka farga ba biyun da za su sauke ta. Mu ƙanana hannunmu bai kai ba. Hansai ta kama gefe ɗaya, turmi ya karkace, nauyin duk ya koma wuyan Delu.

Hansai ta ce, "Yar da shi, Delu. Sake shi ya faɗi."

Delu ta ce, "Na Inna ne."

Ba ta saki ba. Ta durƙushe da shi a hankali, ta sunkuyar da kai, ta bar shi ya gangaro ta bayanta don kada ya bugi ƙasa. Muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Turmi ya mirgina ya kwanta lafiya lau. Delu ma ta kwanta, idonta a buɗe, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko ya tsage, na ce bai tsage ba. Sannan ta ce ba ta jin ƙafarta.

Na sheƙa gida na kira Inna. Da ta zo ko kallon turmin ba ta yi ba. Ta durƙusa ta ɗora kan Delu a cinya, tana ta maimaita magana guda, "Da kin yar, 'yar nan. Da kin yar." A daren aka tafi Gagarawa aka zo da maɗori. Ya shafa ya ɗaure, ya ce a kwantar da ita kan ƙasa, kada a motsa ta. Haka ta kwanta har rani ya wuce. Da ta tashi, ta tashi a lanƙwashe, sai ta dafa gwiwa take tafiya. Daga kakar nan ba a ƙara yin ɗaga a garinmu ba.

Yanzu ina zaune a Gumel, gidan ɗana. Kwanakin baya jikata Ummi ta zo mini da waya ta ce in ga abin mamaki, wai babban taron wasanni ne da ƙasashen duniya ke haɗuwa, yau ranar mata masu ɗaga ƙarfe ce, ajin marasa nauyi. Ta ce sai an auna su a sikeli tukuna, a haɗa ƙanana da ƙanana. Na ga wata 'yar firit ta fito, ta shafa farin gari a tafi, ta tsaya gaban wani sandan ƙarfe mai manyan faya-fayai a kowane gefe. Ta kai shi ƙirji, ta cilla shi sama da kai, ƙafafunta na rawa. Na duba dama na duba hagu, ban ga masu sauke ta ba. Sai wani abu ya yi ƙara, yarinya ta watsar da ƙarfen nan a ƙasa, ya yi tsalle, jama'a suka hau tafi. Ta bayanta kuwa ta kasa, ta sake shi ya faɗi, ta yi tafiyarta a miƙe, mai koyar da ita ta rungume ta. Ummi ta ce ai tun farko ana koya musu yadda za su saki in ya fi ƙarfinsu. Mu an koya mana ɗauka, an koya mana riƙewa, ba wanda ya taɓa koya mana wannan.

Goggo Tasalla ba ta ga daminar gaba ba. Su Hansai sun tashi sun ƙetara Nijar, amma duk shekara takan aiko wa Delu da man shanu, har shekarar da ya daina zuwa, muka gane ta riga mu gidan gaskiya. Inna ta kife turmin a bayan rumbu, ba ta ƙara daka a cikinsa ba har ta koma ga Allah. Delu tana nan da ranta. Ta auri wani tela a Maigatari, ya rasu ya bar ta, a zaune take suyar ƙosai kusa da tasha. Wata ranar kasuwa na sa Ummi ta kai mata wayar. Da ta dawo ta ce Delu ta kalla har ƙarshe, sannan ta tambaya ƙarfen na wane ne. Ummi ta ce ba na kowa ba ne. Delu ta juya ƙosanta a cikin mai, ta ce, "To, shi ya sa."